Askar Kawu a Cikin Kilishi

Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma. Kawu ya riga mu tafiya. Yayan mahaifiyata ne, wanzami, shi ya riƙe ni tun da ubana ya rasu. Ni ba marubuci ba ne. Karatuna bai wuce firamare ba, sai ɗan kwas da aka yi mana a wurin aiki. Amma na ga an fara naɗe tabarmin makoki, kowa yana kama gabansa, na ce in ban zauna na rubuta ba, nan gaba abin da za a riƙa tunawa da shi kawai shi ne labarin filin jirgi. To gara a ji shi daga bakin wanda ya tsaya a wurin, a kuma ji sauran halinsa.

Ban samu jana'iza ba. Ina bakin aiki, ana tsakiyar jigilar alhazai, aka bugo mini waya. Kafin in samu mai riƙe mini kujera, in hau mota zuwa Daura, in sake hawa wata zuwa ƙauyenmu a ƙasar Sandamu, har an dawo daga maƙabarta. Na tarar da mutane tun daga ƙofar gida har gindin darbejiyar da yake zama yana aski.

Abin da na fara lura da shi kawunan tsofaffi ne. Duk sun tara gashi, furfura ta leƙo ta ƙarƙashin hula. Tun da Kawu ya kwanta suka ƙi bai wa kowa kansu, wai suna jira ya tashi. Wani dattijo da ya zo daga Baure ya cire hularsa yana shafa kai yana cewa, "Ni tun ina saurayi ba wanda ya taɓa nan sai shi. Yanzu wa zan miƙa wa wuyana in rufe ido?" Daga cikin gida ana jiyo wata mata tana kuka tana faɗin shi ya yi wa 'ya'yanta duka askin suna, ko ɗaya bai yi jini ba.

Ina durƙusawa ina gaisuwa, sai na ji a bayana:

"Shi ne?"

"Shi ne mana. Ɗan ƙanwar. Na filin jirgi."

"Wanda ya ƙwace masa..."

"Kai, yi shiru, yana ji."

Ina ji kuwa. Baba maƙeri, abokin Kawu tun na ƙuruciya, shi bai iya raɗa ba. Yana ganina ya ɗaga murya: "A'a, Ma'aikaci! Sannu da zuwa. Mu juye aljihu ne, ko mu zauna haka?" Aka yi dariya, aka tuna inda ake, aka yi shiru. Sannan ya kama hannuna ya ce, "Ya haƙuri?" Idonsa ya yi ja. Na ce haƙuri sai ma'abocinsa, na nemi gefen tabarma na zauna.

Kawu bai damu da sunan mutum ba, da kai ya san mutane. Akwai Kan Gwanda, akwai Mai Kwari, akwai Ƙeya Biyu. Har mai gari yana da nasa, amma wannan a cikin gida kawai ake faɗinsa. Ni Kan Tulu ne. Ya ce ranar sunana da ya ɗora aska, ya yi ta neman kwana bai samu ba, zagaye ne kawai. Har na yi aure, har na haihu, har furfura ta fito mini, bai taɓa kirana da wani suna ba, sai daga ranar filin jirgi.

Hannunsa na hagu babu gashi ko ɗaya, don a nan yake gwada kaifin aska. Ba ya yi wa mai fushi aski. In mutum ya zo yana huci saboda iyakar gona ko saboda dabba ta shiga masa shuka, sai ya ce, "Je ka sha ruwa ka dawo. Fatar kanka ta ɗaure, zan yanke ka a ce ni ne ban iya ba." Kafin mutum ya sha ruwa ya dawo, rabin faɗan ya tafi. Ranar Alhamis ba ya zama gindin darbejiya. Yakan rataya zabira, wato jakar fatar nan ta wanzamai, ya bi gidajen marasa lafiya da tsofaffin da ƙafa ta ƙi, ya yi musu aski, ba ya karɓar komai. Yakan ce mutum in ya ji iska a fatar kansa sai ya tuna har yanzu yana da rai. Akwai wani mai taɓin hankali da ke kwana a rumfar kasuwa, ba ya barin kowa ya matso shi. Kawu in ya je sai ya zauna nesa kaɗan, ya fara yi wa kansa aski, bai ce komai ba. Can sai mutumin ya taso da kansa ya durƙusa a gabansa.

Kada a ce na mai da shi waliyyi. Kawu yana da taurin kai, kuma in ya riƙe abu ba ya saki. Askokinsa da yawa, amma akwai ɗaya da ya gada daga ubansa, kakana. Wasawa ta cinye cikinta har ya lotsa, ƙotarta ta tsage an naɗe da wayar tagulla. Ba a yi wa kowa askin yau da kullum da ita. Ta askin suna ce. Duk wanda aka haifa a gidanmu ita ce ƙarfen farko da ya taɓa kansa. Wata rana Baba maƙeri ya ɗauke ta ya juya, ya ce ƙotar nan ta mutu, a kawo ya yi mata sabuwa. Kawu ya ce wa ya ba shi izinin taɓa ta? Kan wannan suka yi gaba damina guda cur. Amma duk da gabar, in gashin maƙeri ya taru, sai ya zo ya zauna, Kawu ya yi masa aski ba sallama ba gaisuwa, ya tashi ya tafi. A riƙe wannan, zan dawo kansa.

Ya so in gaje shi, don 'ya'yansa duka mata ne. Ya koya mini, abin ya ƙi. Ina hango ƙurji ko tabo tun kafin a jiƙa kai, amma da na ɗora aska sai hannuna ya kama rawa. Ran nan ya karɓe ta ya ce, "Kan Tulu, idonka yana da kyau, hannunka ne matsoraci. Je ka nemi aikin ido." Na tafi birni. Na yi dako, na yi gadi, daga nan Allah ya kai ni filin jirgi, har aka zaunar da ni gaban na'urar duba kaya.

Aikin ba wani boka ba ne. Jaka tana hawa bel, ta shiga cikin akwati, cikinta ya fito a allo. Abinci da tufa da fata suna fitowa ruwan goro. Ƙarfe yana fitowa shuɗi, mai kauri kuma baƙi. Kai dai ka san siffa. Lokacin alhazai kuwa babu abin da ban gani ba. Goro a cikin matashin kai. Wuƙa a cikin gari. Ashana a cikin safa. Man ja a gorar ruwa. Wata ta taɓa zuwa da risho da kananzir ɗinsa, ta ce ita ba ta cin tuwon da ba ita ta tuƙa ba. Yawancinsu ba mugaye ba ne, tsoron baƙon wuri ne. Amma na'ura ba ta ganin niyya, kuma an hana ni in gani a madadinta. In abu mai yanka ne, a jakar hannu, ba ya hawa. A gefen teburinmu akwai durom mai ɗan ƙaramin baki da kwaɗo. Abin da ya faɗa ciki ba ya fitowa sai ranar da za a kwashe a lalata. Mu kanmu ba mu da mabuɗin.

Shekarun baya 'ya'yansa da surukansa suka haɗu suka biya masa kujerar Makka. Na je gida takanas don in gaya masa abin da ake ɗauka da wanda ba a ɗauka. Na same shi yana wasa aska a kan dutse.

Na ce, "Kawu, goro ba ya shiga. Wuƙa, almakashi, reza, duk abin da ke yanka, ba ya shiga jakar hannu."

"Aska fa?"

"Aska ce gaba da su duka. In dole ne, sa ta a babbar jaka, wadda ake aunawa tun a sansanin alhazai a zuba a cikin jirgi ta ƙasa."

"Ta ƙasa? Ana jifa da ita, ana ɗora mata kayan mutane? In jakar ta bi wani jirgin fa? Tun da ubana ya miƙo mini ita ba ta taɓa kwana inda hannuna ba ya kaiwa ba. Ya mutu yana cewa askar nan za ta ga Mina. Shi bai je ba. Ni zan kai ta, in sauke gashina da ita in an gama jifa."

"To Kawu, ko babbar jaka, ko gida. Babu ta uku."

Ya ɗago ya dube ni. "Ba kai ne a bakin ƙofar ba?"

"Ni ne. Shi ya sa nake gaya maka."

Ya ci gaba da wasawa. Na ɗauka ya haƙura. Sai daga baya na ji ashe ya bi maniyyatan ƙauyenmu ɗaya bayan ɗaya ya ce kada wanda ya damu da neman mai aski a can, shi zai yi musu, ɗansa ne mai tsaron ƙofa.

Ranar tashinsu da safe ne. Layi biyu ne, na gefe ya fi gajarta, amma na hango shi ya bar shi ya dawo nawa, mutanen ƙauyenmu suka biyo bayansa. Yana murmushi, ya sha sabon yadin alhazai. Gabansa wata tsohuwa ce da muka cire wa ɗan almakashi, ta ce na yanke bakin gashinta ne in ta gama Umra. Ta yi ta roƙo har da hawaye, aka jefa a durom. Tana nan gefe tana ɗaure jakarta sai jakar Kawu ta hau bel.

Kilishi ya fito ruwan goro, falle kan falle. A tsakiyarsa ga ta nan kwance, shuɗiya, da lotsattsen cikinta, da zoben tagulla a wuya. Ko a mafarki aka nuna mini zan gane ta.

Ogana ya ba da baya, yana fama da wata mai man ja. Abokin aikina mai buɗe jaka ba ya ganin allo. In ban taɓa komai ba, jakar za ta wuce da kanta. Na san Kawu ba zai yanki kowa ba. Amma ga tsohuwar nan tana share hawaye da bakin mayafi, kuma abin da ya shiga jirgi ba wanda ya san hannun da zai ƙare. Na danna maɓalli, bel ya tsaya.

Abokin aikina ya ce, "Baba, jakarka ce?"

Kawu bai ko dube shi ba. Ni ya duba. "Kan Tulu, kilishi ne."

"Kawu, akwai ƙarfe a ciki."

"Sake dubawa."

"Na duba."

Aka warware takardar kilishi a gaban kowa. Wani daga cikin mutanenmu ya ce, "Ashe ƙofar ba ta san ɗan gida ba." Na tashi na nufi oga in roƙe shi a ba ni izini a ajiye ta a mayar gida, don 'yan rakiya an baro su tun a sansani, ba wanda zai fita ya miƙa wa. Oga ya ce in jira ya gama da wannan. Ina juyowa na ga Kawu ya ɗauke ta. Ya gwada ta a hannunsa na hagu kamar yadda ya saba, ko da yake ba gashi a wurin. Ya shafe ta da bakin rigarsa. Sannan ya taka da kansa ya saka ta a bakin durom ya saki.

Ya ce, "Kada ka wahalar da kanka, Ma'aikaci. Yi aikinka." Ya tura mana kilishin. "Wannan ku ci." Ya ɗauki jakarsa ya wuce, bai waiwayo ba.

Na bi sawun askar bayan nan. Na roƙi wanda ya kamata in roƙa. Aka ce doka ɗaya ce, ba a buɗe wa kowa. Aka kwashe durom ɗin.

Ya dawo lafiya, da ɗan yanka a bayan kunne, aikin wani mai reza da bai san kan Kawu ba. Ya ba ni tsarabata daidai da ta kowa, dabino da zamzam da carbi. Amma daga ranar na zama Ma'aikaci, har maƙeri ya ɗauka, har gari ya ɗauka. Na zo na cire hula na zauna a gabansa gindin darbejiya, ya ce, "Kanka bai isa aski ba." Na sake zuwa da gashi ya taru, ya ce, "Akwai masu inji a Daura, wajen Kusugu, sun fi ni sauri." Maƙeri da suka yi gaba bai hana shi aski ba. Ni ya hana.

Sau ɗaya na ce, "Kawu, ka yafe mini." Ya ce, "Me ka yi? Sata ka yi? Doka ce ai." Wanda ya ce ba ka yi masa laifi ba, ta ina za ka roƙe shi? Duk haihuwar da aka yi a gidanmu bayan nan, ranar suna sai tsohuwata ta ce, "Allah sarki, wannan bai samu ta kakansu ba." Ba ta dubana in ta faɗa. Gara ma ta duba.

Zan faɗi gaskiya, ko za a ji haushina. Da za a maido da ranar, zan sake danna maɓallin nan. Wannan ne ma ya hana ni sakat. Da kuskure ne, da na tuba na huta. Abin da nake so in sani duk shekarun nan ɗaya ne: ko mutumin da ya rene ni zai bar duniya yana riƙe da ni.

Zuwana na ƙarshe, kafin a fara jigilar bana, na same shi kwance a zaure, ya rame. Muka gaisa. Can sai ya ce, "Wannan na'urar taku. Yaya ta fito a ciki?"

Na gane abin da yake nufi. Na ce, "Shuɗiya, Kawu."

"Har tagullar ka gani?"

"Har ita."

"To ka gane ta tun ba a buɗe ba."

"Na gane ta."

"Amma ka tsayar."

"Na tsayar."

Ya rufe ido. Na ce ko barci ne. Can ya ce, "Ranar kaciyarka uwarka ta yi ta kuka a bayan danga tana cewa in bari sai baɗi. Ban ajiye aska ba." Ya yi tari. "Cire hular nan." Na cire, na sunkuya. Ya shafa tun daga goshi har ƙeya, a hankali, kamar mai neman abin da ya ɓata. Rabon da hannunsa ya taɓa kaina tun kafin Makka. Ya ce, "Masu inji sun lalata wurin nan. Bar shi ya taru. Ka zo Juma'ar sama, in an sauko daga masallaci."

Bai kira ni Ma'aikaci ba, bai kuma kira ni ɗaya sunan ba. Na tafi ban san inda na tsaya ba. Na dai bar gashin.

Juma'ar ta zo, jirgi ya yi latti, alhazai cike da zauren jiran jirgi, ba mai karɓata. Na bugo wa Inna, matar Kawu, na ce ta ba shi haƙuri, sai ta gaba. Bai kai ta gaban ba.

Ranar sadakar uku da hantsi Inna ta aiko a kira ni ciki. Tana zaune kan tabarmar takaba, zabirarsa a gefenta. Ta zaro wata aska da aka naɗe daban a farin ƙyalle.

Ta ce, "Juma'ar nan tun da safe ya sa aka jingina shi a zaure. Ya ce in kawo dutse da ruwa. Yana wasawa yana hutawa. Na ce, Malam, wa za ka yi wa aski a haka? Ya ce Kan Tulu zai zo, kuma kansa ba ya son aska mai dakushi."

Na ce, "Inna, haka ya ce? Kan Tulu?"

"Akwai wani Kan Tulu ne a garin nan bayan kai?"

"Da kika gaya masa ba zan zo ba fa?"

"Ya ce, wannan ba zai bar ƙofa ba, na san shi. Naɗe ta da kyau kada iska ta taɓa bakin, zai zo."

Na karɓi askar. Na fito da ita a hannu na sami Kawu Ƙarami, ƙanen marigayi, wanda shi ma ya iya sana'ar, ko da yake noma ya fi ja masa hankali. Na cire hula na durƙusa gindin darbejiya. Ya jawo dutse, na ce kada ya ƙara mata ko shafa ɗaya. Ya gwada ta a hannunsa, ya ce, "Ba ta ma buƙata."

Baba maƙeri yana gefe yana kallo. Ya ce, "Bi a hankali, kan nan ba shi da kwana, sai ka zarce." Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Hannun na wani ne, amma kaifin na Kawu ne. Na ji shi tun daga goshi har ƙeya. Da aka gama da ni, dattijon Baure ya taso ya cire hularsa ya zauna inda na tashi, sauran tsofaffin suka bi layi.

Askar na mayar wa Inna. Inda nake aiki ba ta shiga.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa taurin kansa, ya saka masa da kowane kan mara lafiya da ya sauke wa nauyi. Ya yalwata masa makwanci, ya ba Inna da 'ya'yansa haƙuri. Ni kuma da ban zo ranar da ya kira ni ba, Allah ya yafe mini. Gobe zan koma gaban na'ura. Na fito tsakar gida yanzu ba hula, iska tana taɓa fatar kaina.